Arewa ko Gabas: Inda Mazaunin Barikin Schofield Zai Kai Iyalinsa Ranar Hutu a Tsibirin Oahu

Barikin Schofield, wanda aka kafa a 1908 kuma yake zaman mazaunin Runduna ta 25 ta sojojin ƙasa na Amurka, yana kan tudun da ke tsakiyar tsibirin Oahu na jihar Hawai, daura da garin Wahiawa, tsakanin jerin tsaunukan Waianae ta yamma da na Koolau ta gabas. Wanda ke zaune a gidajen iyalan sojoji na wannan bariki, ko na filin jirgin Wheeler da ke manne da shi, ba ya jin rurin teku daga ɗakinsa. Abin da ya saba gani shi ne jar ƙasa mai rina takalmi da tayar mota, da yayyafin safiya, da ɗan sanyin tudu wanda mutanen Honolulu ba su cika samu ba. Sai dai tsibirin gaba ɗayansa bai wuce murabba'in kilomita 1,545 ba, saboda haka duk inda mutum ya juya kan motarsa, matuƙar hanya ba ta cushe ba, zai isa bakin ruwa kafin awa guda ta cika. Wannan kusanci shi ne yake ruɗa sabon zuwa, domin hutun soja ƙididdigagge ne, sau da yawa Asabar ɗaya ce tak tsakanin atisaye da atisaye, kuma idan aka ɓatar da ita a gaɓar da ba ta dace da watan ba, sai a dawo gida da yara masu kuka da tankin mai da ya yi ƙasa.

Sau biyu na sauka a gidan ƙanena da ke aiki a wannan bariki, karo na farko a watan Janairu, na biyu kuma a Yuli, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan watanni biyu ita ce ta nuna mini cewa sunan wuri da yawan hotunansa a intanet ba su ne ya kamata su yanke wa iyali shawara ba. Abu biyu ne ke yanke ta: watan da ake ciki, da kuma gwargwadon iya ruwa na wanda ya fi kowa rauni a cikin motar. Gaɓoɓi huɗu ne ke kewaye da tsibirin, amma gasar gaskiya ga mazaunin Schofield tsakanin arewa da gabas take, kudu da yamma kuwa kowanne yana da ranarsa.

Arewa ita ce maƙwabciya. Daga ƙofar bariki zuwa garin Haleiwa tafiyar kamar minti 20 ce, a kan hanyar da ke gangarawa ta tsakiyar gonakin abarba, kuma tun kafin a kai ƙasa teku yake bayyana a gaba, shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan. A bakin wannan hanya ne gonar Dole take, mai ɗan jirgin ƙasa na yawon gona da lambun ɓad-da-hanya da yara ke so, kodayake a ganina wuri ne na tsayawar awa guda, ba na yini ba. Fa'idar arewa ta farko ita ce ba ta buƙatar shiri: ana iya tashi daga aiki da la'asar, a kwashi yara, a ga faɗuwar rana a bakin ruwa, a dawo kafin isha'i. Babu wata gaɓa da za ta ba mazaunin Schofield wannan sauƙi.

Amma arewa fuska biyu gare ta. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, guguwar da ke tasowa can nesa a arewacin tekun Fasifik tana turo manyan igiyoyin ruwa da ke tafiya dubban kilomita ba tare da sun gamu da wani shinge ba, sai sun zo sun fashe a kan wannan gaɓa. Ranar da muka je mashigin Waimea a Janairu, an kewaye rairayin da jan ƙyalle, masu aikin ceto suna ta shela da lasifika suna mayar da mutane baya, kuma duk lokacin da raƙumin ruwa ya karye sai mutum ya ji ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, feshin gishiri kuma ya lulluɓe gilashin motocin da ke can saman titi. A wannan mashigi ake yin gasar hawan igiyar ruwa ta tunawa da Eddie Aikau, mai aikin ceto na farko a Waimea, wanda ya ɓace a teku a 1978 lokacin da ya tafi neman agaji bayan kwale-kwalen gargajiya mai suna Hokulea ya kife. Ba a yin gasar sai fuskar igiyar ta kai kimanin mita 12, shi ya sa shekaru da yawa kan wuce ba a yi ta ba, kuma a 2023 wanda ya lashe ta, Luke Shepardson, mai aikin ceto ne da ke bakin aiki a ranar. Da na koma wannan wuri a Yuli, sai na tarar da ruwan kwance kamar na tafki, ana ganin yashin ƙasansa tar, yara ƙanana suna wasa a daidai inda watanni shida baya ko ƙwararre ba ya kusanta. Wanda ya ga hoton Yuli ya kwashi iyalinsa a Janairu da niyyar wanka, ya yi asarar tafiya idan ya yi sa'a, idan kuma bai ji gargaɗi ba asarar ta fi haka.

Ke nan a lokacin sanyi arewa wurin kallo ce daga nesa, kuma kallon ya cancanci fita: Waimea, da gaɓar Ehukai inda igiyar da ake kira Pipeline take naɗewa kamar bututu a kan duwatsun murjani marasa zurfi, da gaɓar Sunset. A lokacin zafi kuwa, daga Mayu zuwa Satumba, ita ce ta fi ko'ina daɗin leƙen kifi da tabarau da bututun numfashi, musamman a Pupukea, sai dai duwatsun wurin masu kaifi ne, dole a sa takalmin ruwa. A gaɓar Laniakea kunkurun teku, wanda mutanen Hawai ke kira honu, kan fito ya kwanta a rairayi yana shan hantsi, masu aikin sa-kai kuma su kewaye shi da igiya. Shawarar da hukuma ta bayar ita ce a bar tazarar kimanin mita 3, kuma taɓa shi ko takura masa laifi ne. Wannan gaɓa ce ke haddasa mafi yawan cunkoson arewa, domin hanyar Kamehameha a nan layi ɗaya ce zuwa ɗaya dawowa, tafiyar da ta ɗauki minti 20 da safe tana iya cin fiye da awa da yammacin Asabar.

Ga wanda ba ya son teku kwata-kwata, arewa tana da kwarin Waimea, inda ake biyan kuɗin shiga a bi hanya mai kwalta ta kusan kilomita ɗaya da 'yan kai cikin lambun itatuwa har zuwa magangarar ruwa mai tsawon kamar mita 14. Ana yin wanka a ƙarƙashinta idan yanayi ya ba da dama, kuma ba a shiga sai da rigar ceto da suke bayarwa, abin da ya sa hankalin uwa yake kwanciya. Akwai kuma ƙuryar Kaena a can ƙarshen yamma, inda kwalta ta ƙare, sai tafiyar ƙafa ta kimanin kilomita 4 zuwa, 4 dawowa. A ƙarshenta akwai shingen da aka kafa a 2011 don hana ɓeraye da karnuka da kyanwoyi shiga, kuma a cikinsa manyan tsuntsayen teku na albatros suke ƙyanƙyasa tun daga ƙarshen shekara har tsakiyar ta gaba. Babu inuwa a wannan hanya, babu famfo, saboda haka tafiya ce ta manya da matasa da sassafe, ba ta mai goyo ba.

Gabas ta fi nisa, tafiyar minti 40 zuwa 50 ce ta manyan hanyoyin H-2 da H-1 da H-3, amma hanyar kanta rabin yawon ce. H-3, wadda aka buɗe a 1997 don haɗa yankin Pearl Harbor da sansanin sojojin kundunbala na ruwa da ke Kaneohe, tana hawa cikin kwarin Halawa, ta shige ramin da aka huda a cikin tsaunin Koolau, ta ɓullo a ɗaya gefen a kan gada mai tsawo, inda bangon dutse kore shar yake tsaye a hannu ɗaya, mashigin Kaneohe kuma yake shimfiɗe a ƙasa. Idan an yi ruwa da dare, sai a ga siraran magangarun ruwa suna zubowa ta kowace tsaga ta bangon. Wannan gefe shi ne yake fuskantar iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas kusan duk shekara, shi ya sa ya fi ruwan sama, ya fi kore, kuma zafinsa bai cika gallabar mutum ba.

Abin da ya sa na fifita gabas ga iyali mai ƙananan yara shi ne ba ta canza hali da canjin wata yadda arewa take yi. Duwatsun murjani da ke can cikin ruwa suna karya ƙarfin teku kafin ya iso, don haka gaɓar Kailua da ta Lanikai da ta Waimanalo suna da farin yashi mai laushi kamar gari, da ruwan da ke zurfafa a hankali, a Janairu da Yuli duka. Kailua tana da wurin ajiye mota da banɗaki da famfon wanka da masu aikin ceto. Lanikai ta fi ta kyau a hoto, ga tsibirai biyu na Mokulua a gabanta, amma tana cikin unguwar mutane ne, ba ta da banɗaki, ba ta da mai ceto, kuma neman wurin fakin a ƙananan titunanta kan ƙare da takardar tara a jikin gilashi. Mai yara ya tsaya Kailua. Idan yana son ganin Lanikai, ya hau tudun Kaiwa da asuba, inda tsofaffin ɗakunan tsaro na kankare na zamanin yaƙin duniya na biyu suke, ya gan ta daga sama.

Ga iyalin soja kuwa akwai abin da ya fi waɗannan duka, wato tashar Bellows da ke Waimanalo, wadda sojojin sama ke riƙe da ita a matsayin wurin hutu. Wani ɓangare na gaɓarta ana buɗe wa kowa a ƙarshen mako, ɗaya ɓangaren kuma sai mai katin soja da baƙinsa, kuma a can akwai ƙananan ɗakunan kwana da filin kafa tanti a ƙarƙashin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, da kanti, da wurin hayar kayan wasan ruwa. Inuwa a bakin teku ba ƙaramin abu ba ce a Oahu, domin yawancin gaɓoɓin fili ne fetal, wanda bai zo da laima ba kuwa rana za ta kore shi kafin azahar. A Bellows ana shimfiɗa tabarma a inuwa, a ajiye kular abinci, a yi salla a natse ba tare da idon jama'a ba. A nan ne ma na fara lura da abin da ya ba ni mamaki, cewa alƙibla daga Hawai arewa take da ɗan karkata zuwa yamma, domin hanya mafi kusa zuwa Makka daga can ta saman duniya take bi. Wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro sai ya yi ta duba wayarsa yana kokwanto.

Gabas ma tana da nata aibin, kuma da idona na gan shi. Muna zaune a Bellows wata safiya mai iska, sai 'yar ƙanena, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta kwaso gudu daga bakin ruwa tana cewa, "Baffa, zo ka ga balan-balan!" Wani abu ne shuɗi mai kumburi, bai fi girman babban yatsa ba, yana kwance a kan jiƙaƙƙen yashi da dogon zare a bayansa. Kafin in ce kada ta taɓa, zaren ya riga ya naɗe mata idon sawu, ta kuwa tsala ihun da ya tayar da duk wanda ke kusa. Halittar ruwa ce mai harbi da mutanen wurin ke kira manowa, iskar gabas ce ke koro ta gaɓa, kuma harbinta kamar na rina yake, sai dai a jere, layi guda ja kamar an zane ta da bulala. Mai aikin ceto ya zo ya cire zaren a hankali, ya wanke wurin, ya hana mu murza shi da yashi, kuma cikin awa guda yarinyar ta koma gina gidanta na ƙasa. Tun daga ranar, abin da muke fara yi idan mun isa shi ne mu bi layin da ruwa ya tsaya mu duba ko akwai shuɗayen ƙwayoyin nan, mu kuma karanta allon gargaɗin da ke gindin hasumiyar masu ceto.

Idan ruwan sama ya hana wanka, gabas ba ta barin mutum hannu rabbana. Lambun Hoomaluhia da ke Kaneohe, mai faɗin eka 400, injiniyoyin sojojin ƙasa ne suka tsara shi don kare garin daga ambaliya, aka buɗe shi a 1982, kuma shiga kyauta ce. Ana tuƙa mota a cikinsa, a tsaya a bakin tafki, tsaunin Koolau yana tsaye a kai kamar zai rufto. A can ƙarshen kudu maso gabas akwai hanyar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Makapuu, wadda aka kunna tun 1909, hanya mai kwalta ta kimanin kilomita 3 zuwa da dawowa da har keken jariri yake iya hawa, kuma daga Disamba zuwa Afrilu ana hango manyan kifayen wel da ke zuwa daga Alaska don haihuwa suna feso ruwa. Wurare biyu ne a wannan ɓangare nake roƙon kowa ya kiyaye. Na farko gaɓar Sandy, wadda kyanta yake yaudara, domin igiyarta a kan yashi take fashewa kai tsaye, kuma ta yi suna wajen karya wuya da baya. Na biyu matakalar Haiku mai tsani 3,922 da ake hangowa daga H-3 tana hawa ƙirjin dutse. An rufe ta ga jama'a tun 1987, hawanta karya doka ne, kuma soja da aka kama a kanta zai amsa tambaya a gaban alƙali, ya sake amsawa a gaban kwamandansa. Haka nan magangarar Sacred Falls a rufe take tun bayan zaftarewar duwatsun da ta kashe mutum 8 a 1999, komai yawan bidiyon masu tsallake shinge da za a gani a waya.

A ɓangaren kuɗi, arewa da gabas kusan kunnen doki suke yi, domin gaɓoɓin jihar na jama'a ne, galibi ba a biyan kuɗin shiga, gabas dai ta fi cin mai. A ɓangaren abinci arewa ta ɗan yi gaba, saboda motocin sayar da jatan lande soyayye da tafarnuwa da ke jere a wajen Kahuku da Haleiwa, da ƙanƙarar da ake gogewa a zuba mata ruwan zaƙi kala-kala. Musulmi dai sai ya riƙa tambaya, domin naman alade ya shiga abincin Hawai sosai, daga gasasshen da ake binnewa a rami a bukukuwan gargajiya har zuwa naman gwangwani na Spam da ake ɗorawa a kan curin shinkafa a sayar a kowane kanti. Kifi da jatan lande su ne mafita, wanda kuma ya fi son kwanciyar hankali ya dafo dafa-dukarsa daga gida.

Kudu, wato Honolulu da Waikiki, ita ce gaɓar baƙo da tarihi, kuma duk wanda ya karɓi ɗan'uwa daga nesa dole ya kai shi, amma ba wurin da iyali za su mayar gidan kowace Asabar ba ce, saboda cunkoson H-1 da tsadar ajiye mota da kuma yadda kusan komai yake buƙatar kama gurbi a intanet tun kwanaki kafin ranar. A Pearl Harbor, inda harin Japan na 7 ga Disamba 1941 ya kashe Amurkawa 2,403, ana shiga ƙaramin jirgi zuwa ginin tunawa da ke kan gawar jirgin yaƙin Arizona, wanda mutum 1,177 suka mutu a cikinsa, kuma har yau ɗigon mai yana tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Ba a shiga da jaka, ko ta hannun mata ce. A tsibirin Ford da ke kusa kuma jirgin Missouri yake tsaye, wanda a kansa Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945. Dutsen Diamond Head, tsohon bakin aman wuta mai tsawon mita 232, sojoji ne suka yanka hanyar hawansa a 1908, tafiyar kilomita 1.3 ce mai matakala da rami mai duhu, kuma tun 2022 wanda ba mazaunin jihar ba sai ya yi rajista kafin ya zo. Mashigin Hanauma, wanda aka keɓe don kare kifaye tun 1967, a rufe yake Litinin da Talata, kowa sai ya kalli gajeren bidiyon gargaɗi kafin ya sauka, kuma kuɗin shigar baƙo ya kai dala 25 a 2021, kodayake ana ɗauke wa mazauna jihar da sojojin da ke aiki a can idan sun nuna kati. Kada kwanciyar ruwansa ta ruɗi wanda bai iya ninƙaya ba, domin leƙen kifi da bututu yana kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo nutsewar baƙi a Hawai.

Akwai wani lissafi a kudu da mai ƙirga kwanan wata zai fi kowa saurin ganewa. Wata halittar ruwa mai harbi, jelifish mai siffar akwati, tana cika gaɓoɓin da ke fuskantar kudu, irin su Waikiki da Ala Moana da Hanauma, kwana 8 zuwa 10 bayan cikar farin wata, kusan kowane wata ba fashi. Tunda wata yana cika ne a daren 14 ko 15, to daga wajen 22 zuwa 25 ga watan Musulunci mutum ya nemi wata gaɓar. Abin da ke jawo iyalin soja zuwa kudu duk da haka shi ne otal ɗin Hale Koa da ke filin Fort DeRussy a tsakiyar Waikiki, wanda aka buɗe a 1975 don sojoji da iyalansu, da ɗan gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar igwa a gefensa. Masallacin tsibirin ma a kudu yake, a unguwar Manoa, saboda haka ana iya haɗa sallar Juma'a da yawon yamma, kuma mai sha'awar zane da gine-ginen ƙasashen Musulmi yana iya neman tikitin Shangri La, gidan da attajira Doris Duke ta gina a shekarun 1930 kusa da Diamond Head ta cika shi da tayil da sassaƙa daga Iran da Siriya da Maroko da Indiya.

Yamma a taswira tana bayan bariki ne kawai, tsaunin Kaala mai mita 1,227 ne ya raba su, amma hanyar da ta ratsa ta mashigar Kolekole tana bi ta cikin filin sojojin ruwa kuma galibi a rufe take, don haka sai an zagayo ta kudu. Gefe ne busasshe mai zafi, shi ya sa idan ruwan sama ya mamaye Wahiawa da Kaneohe a Janairu, sau da yawa a can rana take. Tafkuna huɗu da aka haƙa a Ko Olina sun fi ko'ina dacewa da jariri mai tatata, muddin an iso da wuri kafin 'yan wuraren fakin na jama'a su cika. A Waianae kuma akwai wurin hutun sojojin ƙasa na Pililaau, mai sunan wani ɗan yankin da ya mutu a yaƙin Koriya a 1951 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta Amurka, yana bakin mashigin Pokai mai kwantaccen ruwa. Yankin nan yana da 'yan asalin Hawai da yawa, kuma batun filayen da soja ke riƙe da su, kamar kwarin Makua, abu ne da ke sosa musu rai tun shekaru da dama, saboda haka baƙo mai lambar bariki a motarsa ya shiga da sallama da ladabi, kada ya tsallake inda aka rubuta kapu, wato haramtaccen wuri.

Da za a ce in raba wa sabon iyali shekararsu, daga Nuwamba zuwa Maris zan ce su yi wanka a gabas, ko a yamma ranar da gabas ta yi hadari, su riƙa zuwa arewa da la'asar don kallo kawai, yara riƙe a hannu, a tsaye can saman busasshen yashi. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa arewa ta zama tasu, ga kusa ga kwanciya, su ajiye doguwar tafiyar gabas don ranar da za su kwana. Afrilu da Oktoba watanni ne na tsaka-tsaki da teku kan juya cikin dare ɗaya, sai an duba hasashen igiyar ruwa da safe kafin a ɗora kaya. Iyalin da babu wanda ya iya ninƙaya a cikinsu, kuma irinsu ba kaɗan ba ne a cikinmu mutanen tudu, su manne wa gaɓar da ke da hasumiyar masu ceto a kowane wata, su sa yara a darasin ruwa a wurin wankan bariki, su kuma je ofishin walwalar sojoji, wanda ake kira MWR, inda ake hayar rigar ceto da tanti da allon ruwa da rahusa, ake kuma sayar da tikitin wuraren yawo a farashin soja.

A kowace gaɓa aka je, kada a bar jaka ko waya a kujerar mota, ko a tsaya ana zuba kaya a but a gaban jama'a, domin fasa gilashi a wuraren ajiye motar masu yawo abu ne sananne a tsibirin. Man kare fata daga rana kuma a saya a can, tunda daga farkon 2021 jihar ta hana sayar da masu ɗauke da sinadarai biyu da ke lalata murjani. Ɗakunan Bellows da na Pililaau kuwa ana kama su ne tun watanni kafin lokaci, musamman na hutun makaranta, don haka wanda ya iso bariki a Janairu yana son iyalinsa su kwana a bakin ruwa a Yuli, ya nemi gurbi a makon da ya karɓi makullin gidansa.